Mai jego da zubewar gashi: kafin ki daka tafarnuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan da haihuwata, gashina sai zuba yake yi, gaban goshina ma ya cinye. Wata a TikTok ta ce a daka tafarnuwa da kanumfari, a kwaɓa da ruwan albasa a kwana da shi a ka. Wata kuma tana sayar da man haɗi, wai sati biyu gashi ya cika. Wanne zan yi? Daga mai jego, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya raya, 'yar'uwa. Kada ki yi ko ɗaya.

Lokacin ciki sinadarin isturojin yana ƙaruwa a jiki, sai ya riƙe gashin da ya isa zuba. Da an haihu ya sauka, gashin nan ya zube a tare, yawanci wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Kafin yaro ya cika shekara gashin ya kan dawo da kansa. A nan masu haɗi ke cin kasuwarsu: gashin da dama zai fito, sai a ce man ne ya yi aiki. Gashi kuwa tsawon santimita 1 ko sama kaɗan yake ƙarawa a wata, to me za a gani a sati biyu?

Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata. A rufe ta da leda ko hula a zafin Legas, gumi ya haɗu da ita, da safe sai bororo. Idan ƙunar ta yi zurfi ta bar tabo, saiwar gashin wurin ta mutu ke nan. Man da ba shi da lambar NAFDAC ko jerin sinadaransa kuwa, ba ki san abin da za ki goga wa jaririnki a jiki ba. Ko minoxidil, maganin fito da gashi da likitoci ke rubutawa, mai shayarwa ba ta fara shi sai da izininsu.

Gaban goshin ya fi damuna, don sau da yawa kitso ne ke cin sa. Kitson da ya hana ki sujada cikin daɗi, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a layi, ya matse. A tsefe shi ran nan. Ki koma manyan kitso marasa ja, atach kada ya wuce sati 6. Rilaksa (man miƙar da gashi) kuma a bar aƙalla sati 8 tsakani, a sabon tsiro kaɗai, kada ya wuce mintunan da ke jikin kwali, kuma kada a ɗora kitso a ranar.

In akwai jiri, kasala ko bugun zuciya, ko shekara ta wuce yana zuba, ki yi gwajin ƙarancin jini da na maƙoƙo. Akwai likitocin fata a asibitocin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja da LUTH da ke Idi-Araba.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 6 yana da makero a ka. An ce in shafa masa man birki. Daga wani uba, Mile 12.

AMSA: Malam, man birki na mota ne, fatar yaron zai lalata. Ƙwayar makero tana cikin silin gashi, inda man shafawa ba ya kai wa. Maganin sha ake ba da, irin su griseofulvin, sati 6 zuwa 8, kuma likita ke auna shi da nauyin yaro. A saya masa injin askinsa da matajinsa, hula da matashi ma a raba, a duba kan ƙannensa.