Turancin IELTS daban, na titin Manchesta daban

Ƙanena, saƙonka ya iso, na uku ke nan a watan nan. Ka ce ka ci maki 7 a IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, don haka Turanci ba damuwarka ba ce, maganar masauki kawai kake so mu yi. Sannu da ƙoƙari, amma ka saurare ni.

A makona na farko a Manchesta wata abokiyar karatu ta wuce ni a baranda ta ce, "You alright?" Ka san a wurinmu in aka ce maka "Lafiya kuwa?" to an ga wani abu a fuskarka. Sai na tsaya na fara ba ta labarin sanyin da ya hana ni barci da kewar Hajiya. Ban rufe baki ba ta kai bakin ƙofa. Ranar na kwana da ɓacin rai, ina ganin wulaƙanci ne. Ashe sannu ce kawai, amsarta "Yeah, you?", kowa ya kama gabansa. Babu ina gajiya, babu ya mutanen gida. Har yau wannan na ci mini rai.

Ƙananan za ka tsince su a hanya. "Cheers" godiya ce. Mai shago in ta kira ka "love", haka take kiran kowa, kada zuciyarka ta raya maka komai. A arewacin Ingila in an gayyace ka "tea", abincin dare ne, kar ka cika cikinka kafin ka je.

Wanda ya ja mini asara shi ne na malamin da ke duba bincikena. Ya rubuta a gefen takarda: "You might want to look at this chapter again." Na ɗauka shawara ce, in na ga dama. Na bar babin yadda yake. Umarni ne ashe, ma'anarsa babin bai yi ba. Wata biyu na yi ina sake shi, kuɗin haya na ta tafiya, ina aikin dare a sito. Na gama da gumina, ba wanda ya fassara mini komai. Kai in ka ji irin wannan lallausar magana, ka tambaya gatsau ko dole ne ka gyara.

Kafin ka taso, ka riƙa sauraron hirar 'yan kallon ƙwallo bayan wasa a YouTube har kunnenka ya saba. Maganar masauki kuwa, sai CAS ɗinka, wato shaidar samun gurbin karatu da jami'a ke bayarwa don neman biza, ta fito.