Za ka iya canza watafam a gida, amma duba wane bel ne ke juya shi

Malam, ka ce watafam ɗin motarka, wato famfon da ke zagaya da ruwan sanyaya inji, yana yoyo, kana tambaya ko za ka iya canza shi da kanka a gida. E, za ka iya, muddin fanbel ne ke juya shi daga waje. In kuwa taimin bel ne, wato bel mai haƙora da ke daidaita bugun inji, don Allah ka kai wa bakanike, domin haƙori ɗaya in ya goce, injin na iya lalacewa.

Da na canza nawa, yoyon ya dawo saboda ban kankare tsohon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin watafam da jikin inji, sosai ba. Ka bar injin ya huce kafin ka buɗe lagireto, ka goge mazaunin watafam ɗin tas, ka ɗaure kusoshin a hankali, bi da bi. In ka shiga Panteka, kasuwar kayan gyaran mota, sayi sabon watafam, ka bar na Beljiyam.