Likita ya amsa: idan ƙwayar cutar ƙasa ko ta ruwa ta shiga ƙashi

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 11 ya taka ƙusa, ta huda takalmin kambas ta shige masa tafin ƙafa. An yi masa allurar tetanus, bakin raunin ya rufe, amma yau mako 3 ƙafar ta kumbura, ba ya iya takawa. Ya sha amoksisilin, shiru babu sauƙi.

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A kai shi asibiti yau, kuma ki faɗa wa likita cewa ta cikin takalmi ƙusar ta bi. Galibin ciwon ƙashi ƙwayar Istafilokokus ce ke kawo shi, wadda ke zaune a fatar mutum. Amma soson cikin takalmi, saboda danshi da gumi, matattarar wata ƙwaya ce mai suna Sudomonas. Ƙusa kan kwaso ta ta dasa a ƙashi, ita kuwa ba ta jin amoksisilin ko kaɗan. Idan an ɗauki hoton ƙashi tun farko aka ce lafiya lau, kada ki saki jiki, don ɓarnar ba ta bayyana a hoto sai bayan kwana 10 zuwa 14. Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, ta fi saurin ganowa. Sau da yawa sai an buɗe wurin an wanke kafin magani ya ci.

Tambaya: Na karye a gona shekara biyu da suka wuce, har ƙashi ya fito waje, aka sa min ƙarfe. Har yanzu akwai ɗan rami da ke fitar da mugunya. An sha gwada mugunyar, ana ta canja min magani. Ina mafita?

Amsa: Malam, a ganina gwajin ne ke yaudarar ku. Audugar da aka goga a bakin rami ƙwayoyin fata take kwasowa, ba lallai wadda ke cikin ƙashi ba. Abin da ya dace shi ne a ciro ɗan guntun ƙashin kansa a gwada. Idan jikinka da ƙarfi, likita kan tsayar da magani kamar mako biyu kafin nan, domin ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji.

Ka nanata musu cewa ƙasa ta shiga raunin. Ƙwayoyin ƙasa irin su Nokadiya jinkirin tsirowa gare su, idan ba a sanar da masu gwaji ba, za su zubar da samfurin kafin ta fito. Ga kuma mataccen ƙashi: jini ba ya zuwa wurin, don haka magani ma ba ya zuwa, ƙwayoyin kuma kan yi wa kansu yauƙi su manne a jikin ƙarfe. Sai likitan ƙashi ya cire mataccen, watakila har da ƙarfen idan karayar ta haɗe, sannan a bi da magani na kusan mako 6. A duba maka suga kuma. In kana shan taba, ka bari, tana hana ƙashi warkewa.

Tambaya: Kiwon kifi nake yi. Ƙayar kifi ta soke ni a yatsa, wata 4 ke nan wani ƙullutu ya ƙi tafiya, yanzu gaɓar ta sandare.

Amsa: Ɗan'uwa, ina zargin Maikobakteriyam marinum, 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka ce da ke zaune a ruwa. Daga fata takan gangara jijiya, wani lokaci har ƙashi. Ta fi tsirowa a zafin digiri 30 zuwa 32, alhali yawancin gwaji a 37 ake yi, shi ya sa ake kuskure ta idan ba ka ambaci sana'arka ba. Kada ka yarda a yi maka allurar sitiroyid (ta rage kumburi) a gaɓar, ƙara rura ta take yi. Maganin haɗi ne, na watanni.

Tambaya: Ana ɗaukar irin wannan ciwo daga mai shi?

Amsa: A'a. Daga ƙasa ko ruwa ake samun sa ta hanyar rauni. Mai kula da maras lafiyan ya dai sa safar hannu, ya wanke hannu da sabulu bayan wankin ciwon.