Ƙungiyar Masu Sintesaiza: A Saka Kuɗin Shiga Ko A Bar Ƙofa A Buɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata saye da sayar da sintesaiza, sababbi da na hannu. Ina kuma da ƙungiya a intanet ta masu sha'awar waɗannan na'urorin haɗa sauti, mun kusa mutum 3,000. Ni ke biyan kuɗin ajiyar fayiloli, ni ke raba faɗa, ni ke korar 'yan damfara, amma ko sisi ba ya shigowa. Ina tunanin rufe ta, sai wanda ya biya kuɗin wata zai shiga. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gajiyar da ka yi gaskiya ce, kuma neman lada a kan wahalarka ba laifi ba ne. Sai dai ban goyi bayan kulle ƙofar ba.

Tambayi kanka: me mutane ke zuwa nema? Wani ya sayi Roland Juno-106, ƙirar 1984, yana danna maɓallai sai ya ji duk sauti na shida ya yi shiru. Hankalinsa ya tashi, yana zaton an cuce shi. Kafin gari ya waye wani tsohon hannu ya gaya masa cewa na'urar muryoyi shida gare ta, ɗaya ce ta mutu, kuma ciwo ne sananne na ƙwayar lantarki mai lamba 80017A da ke cikin na'urar, ana gyarawa. Wani kuma mai Yamaha DX7 aka gargaɗe shi ya kwashe sautukansa ta wayar MIDI, wadda ke haɗa na'urorin kiɗa da kwamfuta, kafin batirin ciki ya ƙare su tafi. Wannan ita ce hajar ƙungiyarka, kuma ba kai kaɗai ke samar da ita ba. Mutane ne ke ba da ita kyauta.

Su nawa ne? A 2006 Jakob Nielsen, masani kan yadda ake amfani da shafukan intanet, ya bayyana cewa a yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, kashi 9 kan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, kashi 1 ne ke ɗauke da nauyin zancen. Idan muka ɗora wannan a kan mutanenka, wajen mutum 30 ne ke riƙe da gidan. Ranar da ka ce musu su biya kafin su taimaki wasu, ransu zai ɓaci, kuma buɗe sabon zaure a Discord ko Facebook aikin minti kaɗan ne. In sun tafi, waɗanda suka biya za su shigo su tarar babu mai amsa musu, wata mai zuwa su ma su janye. Kasuwar da aka ce mai kawo kaya sai ya biya a bakin ƙofa, ba ta daɗewa tana ci.

Akwai kuma abin da ba ka saka a lissafi ba. Kai ɗan kasuwa ne. Ka ce ba ka samun komai, to duba littafin cinikinka na shekarar da ta wuce ka ƙirga na'urori nawa ka sayar wa mutanen da suka san ka ta ƙungiyar. Kayan hannu da amana ake sayensu, ƙungiyar nan kuwa ita ke gina maka amanar. Sabon shiga da bai san komai ba yau shi ne mai sayen gobe, kuma shi ne na farko da kuɗin shiga zai kora.

Masu ƙera manhajojin wannan fanni sun riga sun nuna hanya. VCV Rack, manhajar sintesaiza ta kwamfuta wadda ta fito a 2017, kyauta ake sauke ta, amma mai son ya yi aiki da ita cikin manhajar ɗaukar kiɗansa sai ya sayi nau'in Pro. Vital ta Matt Tytel, ta 2020, ita ma haka: injin sautin kyauta ne, ƙarin sautuka ake biya. Ka yi koyi da su. Hira da tambaya da amsa su zauna a buɗe. Ka saka kuɗi a kan abin da guminka ya samar: ƙunshin sautukan da ka tsara da hannunka, darasi kai tsaye sau ɗaya a wata, duba na'ura ta bidiyo kafin mutum ya saya. 'Yan kasuwa irinka masu tallata kaya a ciki su ma su biya kuɗin talla. Ba za su ji nauyi ba, tunda a Reverb, kasuwar kayan kiɗa ta intanet, kashi 5 cikin 100 ake cire wa mai sayarwa, ban da kuɗin sarrafa biya.

Abu biyu ka kiyaye. Kada ka kwashe abin da mambobi suka rubuta ko suka tsara ka sayar ba da izininsu ba, haka nan sautukan kamfanoni masu haƙƙin mallaka. Kada kuma ka zama mai riƙe kuɗi tsakanin mai saye da mai sayarwa, rigimarsa ta fi ribarsa.

Sai batun karɓar kuɗin, inda da yawa kan sha mamaki. YouTube na ɗaukar kashi 30 na kuɗin mambobi, Apple ma kan ɗauki har kashi 30 idan an biya ta cikin manhajar iPhone. Stripe, kamfanin karɓar biya ta intanet, a Amurka na cire kashi 2.9 da santi 30 a kowane biya. Ka ga idan mutum ya ba ka dala 1 a wata, kusan sulusi ya tafi. Idan ya biya dala 12 gaba ɗaya na shekara, abin da za a cire bai kai kashi 6 ba. Don haka ƙaramin kuɗi a tattara shi a shekara.

Kafin duk wannan, fito fili ka nuna wa mambobi abin da kake kashewa kowane wata, ka buɗe hanyar gudummawa ta ganin dama, ko ta Patreon, shafin karɓar tallafi daga masoya, ko makamancinsa. Ba shi wata uku. Idan ta rufe kuɗin ajiyar fayiloli, nauyi ɗaya ya sauka. Daga nan ka fito da matakin biya guda ɗaya tak, ka ba mutanen nan 30 kyauta, ka kuma zaɓi biyu ko uku cikinsu su kama maka raba faɗa da korar 'yan damfara.