Amsa ga Hajiya kan injin yankan ganyen salak

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri muryar nan za ta ɗan yi tsawo, hannuna duk laka ne ba zan iya taifin ba. Hajiya ranki ya daɗe, na ji tambayarki tun jiya da daddare, kin ce kina da bedi goma sha biyu na ƙananan ganyen salak, ke da yaro ɗaya kuke durƙusawa kuna yanka da wuƙa har bayanki ya fara ciwo, sai kika ga bidiyon wannan injin da ake ɗaura wa diril yana share bedi cikin ɗan lokaci, wai ki saya ko ki haƙura. Toh ni ina da shi, kaka ta uku kenan ina aiki da shi, bari in faɗa miki abin da bidiyon bai nuna miki ba.

Da farko dai ga waɗanda ba su san abin da muke magana a kai ba, abu ne mara nauyi sosai, firam ne na alminiyom da kwandon yadi a bayansa. A gaba can ƙasa akwai wuƙa mai haƙora kamar zarto tana kai da komo, a samanta kuma akwai wani abu mai juyawa da aka ɗaura wa guntayen igiyoyi masu taushi, su ne suke shafo ganyen su kwantar da shi kan wuƙar sannan su tura shi cikin kwandon. Shi kansa ba shi da mota, diril ɗinki mai batir za ki maƙala, irin mai ƙarfin wuta volt 18 ko 20 ɗin nan, shi yake juya komai. Wanda aka fi sani sunansa Quick Cut Greens Harvester, kamfanin Farmers Friend ne yake yin sa a jihar Tenesi ta Amurka, wani matashi ɗan manomi ne ya ƙirƙiro shi, ya shigo kasuwa wajajen 2012. Faɗin yankansa inci 15 ne, wato kusan santimita 38, kuma ba haka kawai aka zaɓi wannan awon ba, an yi shi ne saboda bedi mai faɗin inci 30, kusan santimita 76 kenan, irin wanda su Eliot Coleman, wani sanannen manomin lambu ɗan Amurka, suka yaɗa a tsakanin masu ƙananan gonakin lambu. Ki bi ɓangare ɗaya ki dawo ta ɗayan, bedi ya ƙare. Kin ga kenan abu na farko ki ɗauki tef ki auna naki bedin, in faɗinsa ya kai mita ɗaya da wani abu tsakiyar za ta riƙa ba ki wahala, sai kin miƙa hannu da injin a sama, ciwon bayan da kike gudu ya dawo ta kafaɗa.

Yanzu ga asalin maganar. Hajiya wannan injin ba shi da ido. Ke in kina yanka da wuƙa ba ki ma san kina zaɓe ba, hannunki ne yake kauce wa ciyawa, ya tsallake ganyen da ya yi rawaya, ya ɗan ɗaga inda ƙasa ta yi tudu. Shi kuwa duk abin da ya tsaya a gabansa nasa ne. Ranar farko da na fito da shi wallahi da murna na fito, har na kira yaran su zo su gani. Na danna diril, fuuu, kafin ka ce kwabo kwando ya cika, na juye a baho na sake, ina ta jin daɗi. Sai da muka je wajen wanki na ga aikin da na yi. Ruwan ya koma ja saboda ƙasa, don bedin nawa yana da tudu da kwari, inda tudu yake wuƙar ta ci ƙasa ta datse shukar har zuciyarta, inda kwari yake kuma ta aske kan ganye kawai ta bar rabi a tsaye. Ga ciyawa siri-siri ta cakuɗe da latas, launinsu ɗaya, mu uku muka zauna a bakin tebur muna tsince ta ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Lokacin da na ce na rage a gona na biya shi ninki biyu a wajen tsinta. Kuma duk da haka wata mai saye ta turo min hoton ciyawa a cikin ledarta, kunya kamar in nutse. Sati biyu injin yana rataye ban taɓa shi ba ina cewa an cuce ni, alhali bedina ne bai dace ba.

Toh abin da na canza. Kafin shuka ina bin bedin da manjagara sau biyu ko uku, in kwashe duwatsu da ɓurɓushin tsohuwar shuka, in farfasa hoge, sannan in ɗora faffaɗan katako in danna a hankali har saman ya kwanta sumul kamar tebur. In kina da rola ma ya fi. Ba wai ki daddale ƙasar ta yi tauri ba, a'a, saman kawai ake so ya daidaita. Sai maganar ciyawa, ita tun kafin iri ya shiga ƙasa ake gamawa da ita. Ki gyara bedin ki ba shi ruwa kamar kin yi shuka, ki bar shi kwana goma zuwa sati biyu, duk irin ciyawar da ke sama zai tsiro, sai ki kashe shi yana ɗan ƙarami, ko ki lulluɓe da baƙar tamfol ya mutu don rashin haske, ko ki karce saman kaɗan da fartanya. Kar ki yi zurfi fa, in kika juya ƙasar kin tono sabon irin ciyawa daga ƙasa kin koma gidan jiya. Sannan ki yi shuka.

Shukar ma sai ta yi kauri. Layi-layi kusa da juna, yadda ganyen zai taso yana jingine da ɗan'uwansa a tsaye cak. In ya yi tsilla-tsilla kwanciya yake yi ya baje a ƙasa, wuƙar ta wuce ta samansa ko ta tsaga shi biyu. Amma kuma kaurin yana da iyaka, in ya yi yawa iska ba ta shiga, ƙasan ya riƙa yin rawaya yana ruɓewa, musamman in kina ban ruwa da yamma ya kwana a jiƙe. Wannan sai kin gwada da irin da kike shukawa, bedi ɗaya ki ƙara iri ɗaya ki rage ki gani da idonki.

Wajen yankan kansa, ganye yana kaiwa ne kamar sati uku zuwa huɗu bayan shuka, ya danganta da yanayi da iri, tsawonsa kamar santimita 8 zuwa 10. Ki riƙe injin wuƙar tana sama da zuciyar shukar da kamar santimita 2 zuwa 3, wato wannan ɗan wurin a tsakiya da sabon ganye yake fitowa, in kika bar shi zai sake tohowa, in kika datse shi shi kenan. Kuma kar ki yi sauri, kuskuren kowa kenan, mutum yana jin ƙarar diril sai ya ga kamar tsere ake. Ki bar wuƙar ta ci da kanta, ki tura a hankali, kwando ya kusa cika ki juye, kar ki bari ya danƙare ganyen ƙasa ya murje. Da sassafe ake yi kafin rana ta yi zafi, lokacin ganyen yana da ƙarfi yana karyewa ƙas. Da ya fara yaushi sai ya riƙa lanƙwashewa a gaban wuƙar tana tauna shi maimakon ta yanke. In kuma raɓa ta yi yawa sosai yana mannewa a igiyoyin, sai ki ɗan jira.

Ba kowane ganye yake so ba, wannan ma ki sani. Arugula, mizuna, ƙananan ganyen mastad, ƙaramin kel, latas ɗin da ake shukawa da kauri don a yanka yana ƙarami, duk waɗannan lafiya lau, arugula ma kamar don ita aka yi shi. Alayyafon turawa yana ɗan ba da matsala saboda yana bajewa kuma ganyensa ba tsawo ɗaya ba, za ki samu rabi-rabin ganye da yawa, ni shi har yanzu da hannu nake yi in mai sayen mai duba kyau ne. Latas mai ƙulla kai kuwa ki manta, wuƙarki ce dai.

Wani abu da ba a faɗa, yanka na biyu. Bayan kin wuce da injin za ki ga guntayen ganye sun zube a kan bedin, in kika bar su za su bushe ko su ruɓe su shiga cikin sabon tohon, ranar yanka na gaba duk su dawo cikin kwandonki. Don haka ina gamawa nake bi da manjagara mai laushi in share, sannan in ba da ruwa. Kuma ko kin yi haka yanka na biyu ba ya kai na farko kyau, don ganyen da aka aske wa kai yana ci gaba da girma da tabonsa, bakin ya yi ruwan ƙasa, latas ma ya fi nunawa saboda wannan farin ruwan nasa mai kama da madara. Ni dabarata a karo na farko in ɗan sauko ƙasa, na biyu in ɗaga hannu kaɗan in yanka sama da tsohon wurin. Na uku kuwa ba na jira, in zafi ya shigo ma arugula kara take yi ta fitar da fure, latas ya yi ɗaci, gara in tuge in sake shuka.

Sai kuma ki shirya wa abin da zai biyo baya, don cunkoson ba ɓacewa yake ba, wuri yake canzawa. Da can kuna yanka kaɗan-kaɗan kuna wankewa, yanzu cikin ɗan lokaci baho biyar sun cika suna jiran ki, kuma ganyen da aka yanke ba ya jira, yana ɗauke da zafin gona yana yaushi. Inuwa nan take, ruwan sanyi mai tsabta, a juya shi a abin tsane ruwa ya bushe sosai, sannan firji mai sanyi kamar digiri 1 zuwa 4 amma kar ya daskare. In kika sa shi a leda da danshi kwana biyu ya fara yauƙi. In ba ki da wurin wanki da sanyin da zai ɗauki abin da injin zai yanko, toh ki fara gyara can tukuna.

Kula da shi ba wuya, amma a cire batir kafin a kai hannu kusa da wuƙar, don Allah a gaya wa yaron nan, yatsa ba ya tohowa kamar arugula. A wanke wuƙar da kwandon bayan kowane aiki tunda abin ci yake taɓawa, a bar shi ya bushe, in za a sa mai a sa irin wanda aka yarda da shi a kan kayan abinci, ba baƙin man inji ba. Wuƙa in ta dakushe za ki gane daga bakin ganyen, zai fito a murje ya yi saurin baƙi. Igiyoyin ma suna cinyewa ana canza su. Batir biyu ki tanada.

Toh a bedi goma sha biyu, in kina yanka biyu ko uku duk sati kuma kina da masu ɗauka, ni a ganina zai yi miki amfani, bayanki zai huta ƙwarai, ko da yake akwai ɗan sunkuyo har yanzu kuma diril yana da nauyinsa a hannu. Amma kar ki yi oda yau. Ki ware bedi biyu ki gyara su yadda na faɗa, ki yi shuka, in sun kai ki tsuguna ki kalle su daga gefe daidai da ƙasa, in kin ga saman ganyen ya yi layi ɗaya babu ciyawa kin shirya. Ki turo mana hoton a nan, ki ɗauka daga ƙasa-ƙasa ba daga sama ba, ki kuma faɗa min faɗin bedin da irin da kika shuka. Bari in je, ruwa na can yana zuba a baho.