Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Ake Kare Zanen Yatsan da Aka Ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da na'urar dangwala yatsa ta ma'aikatanmu. Me ya hana a ɓoye zanen yatsa kamar yadda ake ɓoye kalmar sirri, kuma wace hanya ce ta fi aminci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kalmar sirri juya ta ake yi zuwa wasu lambobi da ba a iya mayar da su asalinsu, duk sanda mai ita ya rubuta sai a sake juyawa a gwada. Hakan na yiwuwa ne don haruffa ba sa canzawa. Shi kuwa yatsa ba ya ba da hoto iri ɗaya sau biyu: yau ya karkace, gobe da gumi, jibi an danna da ƙarfi fatar ta baje. A waccan juyawar, ɗigo ɗaya in ya bambanta duk sakamakon zai sauya, sai na'ura ta ƙi mai yatsan kansa.

Shi ya sa na'ura kusanci take aunawa. Tana tsamo wuraren da layukan yatsa suka ƙare ko suka rabu biyu, yawanci gommai ne, ta ajiye matsayinsu da inda suka fuskanta. Kada dillali ya ce maka waɗannan lambobin ba su da haɗari tunda ba hoto ba ne. Masu bincike sun nuna ana iya sake gina zanen da zai yaudari na'ura daga cikinsu. A 2015 masu kutse sun kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, kuma babu ɗaya daga cikin mutanen da zai iya sauya yatsansa kamar yadda ake sauya kalmar sirri.

Ma'aunin ISO/IEC 24745, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kare bayanai irin su zanen yatsa, ya gindaya sharuɗɗa uku: kada a iya mayar da abin da aka ajiye zuwa asalinsa, kada a iya danganta shi da na wani rumbun don bin sawun mutum, kuma a iya soke shi a fitar da sabo daga yatsa ɗaya.

A ganinmu, abin da ya fi shi ne kada a tara bayanan wuri guda. A sa na kowa cikin katinsa ko cikin keɓaɓɓen guntun tsaro na wayarsa, gwajin ya gudana a can, sabar, wato babbar kwamfutar ma'aikatar, ta karɓi "e" ko "a'a" kawai mai ɗauke da sa hannun lantarki. Idan dole sai an tara, a goge hoton asali da zarar an gama rajista, a kulle lambobin da tsarin ɓoye bayanai na AES-256, makullin ya zauna a wata na'urar tsaro daban. Makulli da bayanai a kwamfuta ɗaya, tamkar barin ɗan makulli ne a jikin kwaɗo. A kuma raba sunaye da lambobin yatsa, lambar shaida kaɗai ta haɗa su. Raunin wannan hanya shi ne sai an buɗe bayanan a lokacin gwaji. Akwai dabarar yin lissafi a kan kullallun bayanai ba tare da buɗewa ba, sai dai tana cin lokaci da ƙarfin kwamfuta. Akwai kuma ta murɗa zanen da wani makulli kafin ajiyewa, in an sace a sauya makullin a sake rajista.

Tambaya: To in an sa wannan kariyar, na'urar ba za ta riƙa ƙin ma'aikatan gaskiya ba?

Amsa: Tana iya yi, musamman hanyar murɗawa, domin tana zubar da wani ɓangare na bayanin. Kuskure iri biyu ne, karɓar baƙo da ƙin mai gida, kuma duk wanda ka matse ɗayan zai ƙaru. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce yiwuwar yatsan wani ya buɗe Touch ID, wato makullin yatsa na na'urorinsa, ɗaya ne cikin 50,000, kuma bayan kuskure biyar sai ya nemi lambar sirri. Ka nemi dillali ya ba ka alƙaluman kurakuran biyu bayan an sa kariyar, don wasu na kafin kariya suke nunawa. Ka yi wa kowa rajistar yatsu biyu aƙalla, ɗaya a kowane hannu, ka tabbatar na'urar na bambance yatsa mai rai da na roba. Tsofaffi da masu aikin hannu da layukansu suka shafe, a tanadar musu kati da lambar sirri.