Hajiya, kada ki yarda a cire hitar nan tukuna

Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da sanyi, ya yara? Tun jiya da daddare na ga tambayarki amma sai yanzu na samu zama. Kin ce hitar banɗakinki mai lita 50 ta daina ɗumama ruwa tun da hunturun nan ya kankama, jar fitilarta tana kamawa amma ruwa da sanyinsa yake fitowa, kuma yaron da kika kira ko buɗe ta bai yi ba ya ce ta mutu a sayo sabuwa. Gaskiya maganar yaron nan ce ta sa na kasa yin shiru. Ni ba injiniya ba ne, amma na fi shekara goma ina fama da hita uku a gidanmu nan wajen Bauchi Road, kuma duk abin da zan faɗa miki kuɗina ne ya koya min.

Hita ba wani abu ba ce mai wuyar sha'ani, tanki ne kawai da wani lanƙwasasshen ƙarfe a ciki wanda ake ce wa elemen, shi ke ɗaukar zafi, sai tamostat da ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. In dai ba jikin tankin ne ya tsage yana yoyo ba, to duk sauran ana canza su ɗaya bayan ɗaya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sabuwa ba.

Tunda kin ce fitila tana kamawa, a yawancin hitoci wannan na nufin wuta tana ratsa tamostat ta isa bakin elemen, ke nan zargi na farko a kan elemen yake. Ki sa a kira mai gyaran wuta wanda yake yawo da mitar gwaji, ya kashe makunni ya sauke bireka, ya cire murfin ƙasa, ya zare wayoyi ya ɗora mitarsa a kan ƙafafun elemen ɗin guda biyu. Idan mai wat 1,500 ne ya kamata ya karanta wajen om 35. In mita ta yi shiru ba ta karanta komai ba to ya ƙone, minti biyar aka gama magana. Da a ce fitilar ba ta kamawa ne, da na ce a fara duba wani ɗan ƙaramin maɓalli da ke jikin tamostat, shi yakan ɗage da kansa idan zafi ya yi yawa, sai a danna shi da bakin biro ka ji ya yi ƙas, hita ta dawo. Amma in ya sake ɗagewa kada a yi ta dannawa, tamostat ɗin ne ya gaji.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya da kyau, domin canza elemen ba shi ne aikin ba, sanin abin da ya ƙona shi shi ne aikin. Ni a hunturu ɗaya elemen biyu na ƙona a hita ɗaya, ina ta zagin masu sayar da kaya ina cewa jabu suke ba ni, ashe laifin daga gidana yake. Kin san yadda muke a Jos, Disamba da Janairu ruwan tanki da asuba kamar ƙanƙara, ko alwala sai ka daure, to yara suna tashi kafin kiran sallah sai su danna makunnin hita don wankan makaranta, alhali tankin sama ya ƙare tun dare ba a tayar da injin bohol ba, kuma falamban da ya haɗa min tun farko bai sa bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ba, saboda haka duk wanda ya buɗe famfon sanyi a ƙasa sai ruwan cikin hita ya zuƙe ya bi bututu ya tafi. Elemen kuwa a cikin ruwa aka yi shi ya zauna, in ya kama a bushe ba ya daɗewa yake ƙonewa. Ranar da wani dattijon falamba ya zaro min na biyun na gani da idona, ya yi baƙi ƙirin, gefe ɗaya ya tsage kamar an gasa rogo, ya ce Alhaji wannan ba jabu ba ne, ƙishirwa ce ta kashe shi. Ya sa bawul a bututun shiga, ni kuma na kafa doka a gida, ba mai kunna hita sai ya buɗe famfon zafi ya ga ruwa na zuba sosai ba ya tari ba ya fesar iska. Tun daga nan ban sake ƙona wani ba.

Abu na biyu, wanda mutane ba sa kawowa a rai, shi ne ƙarfin wutar kanta. An yi elemen don bolt 220 zuwa 230, in wuta ta zo da rauni ta sauka kamar 160 to kusan rabin zafinsa kawai zai bayar, fitila kuma za ta kama abinta kamar komai lafiya. Ko da cikakkiyar wuta lita 50 na cin kusan awa biyu kafin ta tashi daga sanyin nan namu ta kai digiri 60, to ki lissafa da rabin ƙarfi, ga shi da asuba kowa a unguwa ya jona tasa hitar da boila da dutsen guga. Saboda haka mai gyaran wutar ya gwada wutar bango ma, kuma a daidai lokacin da kuke kunnawa. In kuna kan ƙaramin janareta ko inbata ne ma kada ki wahalar da su.

Sai datti. In ruwan bohol ko rijiya kuke sha, wani farin abu kamar kanwa yakan daskare a jikin elemen da gindin tanki, za ki ji hita na ƙara kamar ana soya gyaɗa a yashi, ruwa na jinkirin zafi, yunit ɗin mita na gudu. In an buɗe a zubar da ruwan a wanke, a duba wani sandan ƙarfe da ke ciki wanda aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon tanki, in ya cinye a canza. Ɗigon da kuma za ki gani daga ɗan bawul ɗin rage matsi da ke ƙasan hita lokacin da ruwa ke zafi ba lalacewa ba ne, ruwa ne ya kumbura yake neman hanya. Na taɓa ganin gidan da aka toshe shi wai yana jiƙa tayil, don Allah kada ki bari a yi miki haka, ba ƙaramin haɗari ba ne, a sa masa ɗan tiyo ya sauka magudana kawai.

 

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne inda kika ce a yanzu boilar bokiti kuke tsomawa. Hajiya, kada yaro ya sa hannu ya taɓa ruwan yana jone, a zare daga soket tukuna, kuma kada a bar ta ba kowa a wurin. Haka in kin taɓa jin famfo ko shawa ta ɗan ja ki ko da kaɗan ne, a kashe hitar daga bireka a ranar, alama ce elemen ya fashe wuta na shiga ruwa kuma wayar da ya kamata ta kai ta ƙasa babu ko ta tsinke. Kada kuma a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don ɗumi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutum yana barci bai sani ba, a bar shi a tsakar gida.

Ki ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin hitar ki turo, da abin da mitar ta karanta, sai in gaya miki girman elemen ɗin da za a nemo. Kuma a tafi kasuwa da tsohon a hannu, don bakinsu ba iri ɗaya ba ne, a haɗo da sabuwar robar da ke hana yoyo. Allah ya sa a dace.